Arzika Mai Lasar Bango

Kafin wani mai dogon baki ya riga ni, bari in faɗa da kaina: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Ni Idi, wanda kuke kira Guntun Malam saboda karatuna ya tsaya tun allona bai gama yin baƙi ba. To na ji, na karɓa. Amma ku sani wauta ma sai da abokin yi, nawa abokin kau shi ne marigayi Arzika magini, wanda ya gina mamu makaranta da zauren mai gari da masallacin da kuke salla ciki kuna hamma. Wanda ya ga karkataccen baƙi a takardar nan ya yi haƙuri, iyakar inda na kai ke nan.

Ku da kunka san shi kun san ba ya shiga gida ya gaida mai gida sai ya fara gaida bango. Ya yi sallama, ya tsaya, ya kankaro ƙasa da farce, ya ɗora bisa harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miyar amarya. Sannan ya yanke hukunci. "An yi rowar ciyawa." Ko ya ce, "Wanga ba bango ba ne, yashi ne ya miƙe tsaye." Ranar sunan ɗana na fari, gaban baƙi, ya lashi rufewata, rumbun ƙasa na hatsi, ya ce wanda ya kwaɓa ƙasar nan yana cikin fushi da matarshi. Ni na kwaɓa. Kuma abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Zamanin da ya zo, nan Dakoro ba mu da gini ko na rantsuwa. Bukkokin kara da ciyawar shibci, sai danga, sai rumbuna. Salla muke ƙarƙashin rumfar zana, wadda kowace damina iska ke ɗauka ta kai wa mutanen garin Rumbu sadaka. Sai mai gari Barmo ya tafi Maraɗi ya ga soraye, ya dawo ba shi da zance sai soro. Ya aika, anka zo mashi da Arzika bisa jaki, matarshi Gwamma na biye bisa wani jakin, riƙe da tukunya da bakinta. Wanda ya san Gwamma ya san bakin ya fi tukunyar zafi.

Arzika ya sauka, ko ruwan baƙunta bai sha ba, ya duƙa ya dumbuzi ƙasar ƙofar mai gari ya watsa a baki. Ya tofar.

"Ranka shi daɗe," in ji shi, "nan ba gari ba ne. Rairayi ne da mutane a kai."

Daga nan ya shiga daji neman ƙasar gini. Ya lasa gabas, ya lasa yamma, ya lasa har bakin garin Ajekoriya. Matan da ke zuwa rijiya sunka riƙa canza hanya, wai mai gari ya kawo mamu mai iskoki. Rannan sai ga shi ya fito daga arewa, hanyar Azagor, wajen tabkin da makiyaya ke shayarwa, bakinshi ja wur kamar ya cinye huhun goro, yana kirari shi kaɗai.

"Na same ta! Tana da danƙo, tana da daɗi, har da ɗan gishiri-gishiri!"

To ƙasa ta samu, saura kwaɓi, kwaɓi kau sai da ƙafafu. Mu kuma manoma ne, ƙafarmu ta gona ce, kowa ya ce ƙaya ta soke shi. Arzika bai yi gardama da kowa ba. Ya roƙi mai gari dunƙulen kanwa, ya tara ƙasa bakin tabki, ya zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa, ya farfasa kanwar ya watsa a tsakiya, ya koma inuwa ya miƙe ƙafa. Shanun Arɗo Buba sunka zo shan ruwa, sunka ji ƙamshin kanwa, sunka faɗa ciki. Wuni guda suna zagaye suna tattakawa. Da la'asar Arɗo ya iso da sanda a kafaɗa, ido ja.

"Magini, gayya ka sa shanuna ba ka gaya mani ba?"

"Ni ban gayyace su ba, Arɗo. Baƙi ne sunka zo, na ba su kanwa. Su kuma da yake ƴan babban gida ne, ba su tafi haka nan ba, sai da sunka bar mani tukuici."

Ya nuna kashin shanu, ga shi nan ko'ina cikin kwaɓin. Wai shi ke sa ƙasa ta yi ƙarfi. Kuma jama'a, Allah shaida, wannan kwaɓin ma sai da ya lasa! Gwamma ta ware mashi ƙwaryar shan ruwa tashi daban har wata ya mutu.

Ginin farko makaranta ce, ta Liman Habu. Da anka gama, gari ya taru kallo. Ƙofa ƴar siririya, tagogi can sama kusa da rufi, ko raƙumi sai ya yi ɗage. Liman ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Magini, ƙofar nan ba ta yi ƙunci ba?"

"Malam, in ka juya baya, yara nawa ke gudu?"

"Duka."

"To ta nan ɗai-ɗai za su fita, kana zaune kana kamawa."

"Tagogin fa?"

"Iska ta shigo, ido kar ya fita."

Da a nan ya tsaya, da ba ku ga takardar nan ba. Amma sai ya waiwayo, ya hango ni cikin taro da sabon rawanina, ya ɗaga murya:

"Guntu! Da cikin wanga ɗaki ka yi karatu, da yanzu kai ke limanci!"

Kai, dariyar da anka yi rannan! Har Liman sai da ya rufe baki da hannun riga. Ni ma na yi dariya, irin ta wanda ya taka garwashi gaban surukai. Amma maganar ta shiga, ta samu wuri ta shimfiɗa tabarma.

Sai anka zo kan masallaci. Arzika ya ce ba shibci, ba zana, da ƙasa zai rufe shi. Anka kawo azara daga kudu bisa raƙuma, ya riƙa ɗaura su ɗaya kan ɗaya suna lanƙwasa daga bango zuwa bango, abin da magina ke kira bakan gizo, ya tokare da itatuwa daga ƙasa, sannan ya sa anka yi ta jibga ƙasa a sama. Mu fa ba mu taɓa ganin haka ba. Na ce to, ga ranar ramuwa ta zo. Na gyara rawani, na tsaya gaban jama'a bayan azahar, na yi gyaran murya irin ta manyan malamai.

"Ya ku jama'a! Malamai sun faɗa, cikin littafin da ban kai ba, cewa ƙasa sau ɗaya take hawa kan mutum, ranar da ba shi da ta cewa. Wanga mutum kabari yake gina mamu mai ƙofa! Na rantse da Wanda ya busa mani numfashi, ƙafata ba ta shiga ginin nan sai ya faɗi. Kuma bana zai faɗi!"

Arzika na bisa bango da tubali a hannu. Ya leƙo ya ce, "Allah shi kai mu, Guntu."

Yana da al'ada tashi ta ranar zare tokara. Ya shimfiɗa buzu a tsakiyar ɗaki, daidai inda in abu ya rufto shi zai fara samu, Gwamma ta dama mashi fura, ya zauna. Sannan ya ce duk mai ƙiba a gari ya hau rufi ya yi tsalle, mai gari a gaba. Ana zare itatuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙattai na dirka a sama, shi yana kurɓa. Ya hango ni ta ƙofa, can nesa inda na tsaya don kar ƙura ta same ni.

"Guntu, zo mu sha fura!"

"Sha kai kaɗai, ta bankwana ce!"

Ya shanye, ya side ludayi, ya yi gyatsa. Ko ɓurɓushi bai faɗo cikin ƙwaryar ba.

Na ce ai damina ba ta zo ba tukuna. Na samu wuri arewa da masallaci, gindin aduwa, kusa da wata ƴar taga inda nake jin kabbarar Liman, na shimfiɗa buzuna. Jama'a na ciki cikin sanyi, ni ina waje ina bin su. Liman Habu ya kira ni gefe ya ce, "Idi, abin ai mai sauƙi ne. Ka ciyar da miskinai goma, in ba hali ka yi azumi uku, ka shigo cikin mutane."

Na ce, "Malam, ba azumin ke da wuya ba. Murmushin Arzika ne."

Damina ta zo ta wuce. Wata ta zo ta wuce. Da hadari ya haɗu, kowa ya gudu ɗaki, ni in fito in tsaya ina kallon masallaci kamar mai jiran akuya ta haihu. Da safe Arzika ya biyo ta gindin aduwa.

"Guntu, ya faɗi?"

"Saura kaɗan."

"To a ƙara haƙuri."

Tun ana dariya har ta zama gaisuwata. Yara su ce, "Baba Guntu, ina kwana, ya faɗi?" Buzayen ayarin gishiri, waɗanda ko Hausa ba ta ishe su ba, su durƙusar da raƙumi su ce, "Ya faɗi?" Akuyar Gwamma ta cinye mani jelar rawani ina cikin sujada, kuma na tabbata aiko ta anka yi. Ƙayar aduwa ta yi ta sukar goshina har ya yi baƙin tabo, baƙi sunka riƙa zuwa neman addu'a, wai ga wani bawan Allah da yawan salla ta ci mashi goshi, tsabar tawali'u ko masallaci ba ya shiga. Na yi masu addu'ar. Mi zan ce?

Sannan ga indararon rufi, daidai kaina yake zuba. Na ce Arzika ya gusa shi ko da taki guda.

"Indararo ya riga ka zuwa," in ji shi. "Bango ba riga ba ne."

Wannan ita ce maganarshi, kun sani. Bango ba riga ba ne. Abin da ya gina ya ginu, ba ragi, ba ƙari, ko wa ya roƙa. Ku tuna zauren mai gari. Da bazara ya auna faɗin ƙofar da jikin Barmo, lokacin da tuwo ya yi nisa da kowa. Kaka ta yi kyau shekarar nan, gero har bakin danga. Rannan Barmo ya zo fita zaman shari'a, da riga bisa riga, ya cije a ƙofa, gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Masu ƙara biyu da sunka zo rigimar iyakar gona, su sunka haɗu, ɗaya na ja, ɗaya na turawa, har sunka shirya ba a yi shari'ar ba. Anka kira Arzika. Ya zagaya mai gari, ya duba dama, ya duba hagu.

"Ranka shi daɗe, ƙofa na nan yadda na bar ta. Kai ne ka ƙaru."

"A sassaƙe ta!"

"Bango ba riga ba ne. Rage tuwo ya fi rage bango sauƙi."

Har Barmo ya koma ga Allah da kaikaice yake shiga zaurenshi.

Sau ɗaya tak na ga nasara da idona. Idon ya fara hazo lokacin, amma na gani: tsaga, baƙa, doguwa, kusa da taga. Na bar takalmi nan, na bi gari ina shela, "Ya tsage! Ya tsage!" Gari ya taru. Arzika ya zo ba gaggawa, yana sakace. Na kama hannunshi na kai shi, na nuna da sanda. Sandar na taɓa bango, tsagar ta ɗaga kai, ta yi mamu gyaɗa sau biyu, ta ruga sama ta shige indararo.

Arzika ya ce, "Guntu, tsagarka ta gudu. In ta dawo ka aiko a kira ni."

Haka munka tsufa, shi a ciki, ni a waje. Waɗanda anka kama a ƙofar makaranta sunka yi gemu, ƴaƴansu sunka shiga hannun sabon malami. Kuma kar ku ce gaba muke. Kullum bayan la'asar gindin aduwar nan yake zama, mu raba goro, ya zage ni, in zage shi. In bai zo ba goron ba ya yi mani daɗi. Sau nawa na yi niyyar azumin nan a ɓoye! Sai in tuna dole wata rana a gan ni ciki, in fasa. In gaya maku gaskiya, abin da ke ci mani rai ba rana ba ce, ba ruwa ba ne. Shekara da shekaru ban ji kafaɗar mutum jikin kafaɗata a sahu ba. Na fara tunanin haka zan mutu, bayan bango.

Sai wata damina ruwa ya kama ni cikin sallar la'asar, raka'a ta biyu. Na ce ba na yanke salla don indararon Arzika. Ya zuba a kaina har sallama. Kwana bai zagayo ba ƙirji ya kama, na kwanta, har iyalina sunka fara magana ƙasa-ƙasa. Arzika ya zo dubiya, yana dogara sanda. Ya shigo, ya wuce rufewa, ya wuce bangon ɗaki, bai lashi komi ba. Nan na san lallai jikina ya yi tsanani. Ya zauna, ya ɗora tafin hannunshi mai kaushi a goshina, ya daɗe.

Na buɗe ido da ƙyar na ce, "Ya faɗi?"

Ya janye hannunshi. Ya tashi ya fita.

Allah ya sa da sauran shan ruwa, na miƙe bayan kaka, sai dai gwiwa ta tafi ta bar ni. Lokacin gari ya cika, masallaci ya yi kaɗan. Dattawa sunka shirya a kafa rumfar zana ta yamma, don kowa ya san ba mai taɓa bangon Arzika ya kwana lafiya. Sai shi da kanshi ya miƙe a taron.

"Ba rumfa. Arewa za a ƙara. Bangon arewa zai faɗi."

Wani ya ce ko tsufa ne ya fara taɓa shi.

Ya sa anka tada ginshiƙai ta ciki sunka karɓi rufi. Sannan ya ɗauki dagi da hannunshi, ya zo daidai ƴar tagata. Ina zaune bisa buzuna gindin aduwa. Ya kai sara, dagi ya yi tsalle ya dawo. Ya sake, bakin dagi ya lanƙwashe. Ya juyo ga jama'a yana haki, fuska cike da alfahari.

"Kun gani? Ko ni mai shi ƙi na yake!"

Sai da samari sunka kama mashi, anka jiƙa, anka sara, anka jiƙa, anka sara. Ranar da ya rage saura turawa, ya ce kowa ya ja baya. Ya sa kafaɗa. Bango ya yi ƙara kamar tsohon da anka tasa daga barci, ya kife, rim! Ƙura ta tashi. Da ta lafa, ga ni, ga cikin masallaci, ba komi tsakaninmu. Ashe haka yake da kyau! Bakunan nan sun haɗu a sama kamar yatsun mai addu'a. Shekarun nan duka ina zagin abin da ban taɓa gani ba.

Arzika ya tsaya bisa ɓaraguzai, fari fat da ƙura.

"Guntu. Ya faɗi."

Abin da ya fito bakina shi ne, "Kai fa ka ce bango ba riga ba ne."

"Aboki ma ba tubali ba ne," in ji shi. "In ya jiƙe ya narke, ba a sake kwaɓa shi. Tashi ka shigo, ka ci nasara."

Na yunƙura, gwiwa ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Kuma wani abu ya shiga idona, ƙurar bangon ce, kar wanda ya ce wani abu daban. Arzika ya ce, "Ku ɗauko mani shi, ya fi mai gari wuyar shiga ɗaki." Samari sunka kama buzun ta kowane gefe, sunka ɗaga ni kamar buhun gero, sunka haye ɓaraguzai da ni, sunka dire a sahun gaba. Azahar ɗin nan kafaɗar Arzika ce jikin tawa. Ana cikin tahiya na ga idonshi na kan ginshiƙi, na san lasa yake so ya yi, salla ce ta hana.

Ƙarin arewa shi ne gininshi na ƙarshe. Ya bar aduwar a tsakar fili, wai ta yi salla da yawa ba a sare ta. Damina guda ya gani bayan nan. Da ciwo ya kwantar da shi, ya aika anka ɗebo mashi ƙasar maƙabarta cikin ƙoƙo. Ya ɗora a harshe, ya lumshe ido, muna tsaye muna jira.

"Yashi," in ji shi. Sannan ya ce, "To, ba komi. Wanga karo ba sunana ke kan ginin ba."

Allah ya jiƙan Arzika. Allah ya yalwata mashi ɗakin da bai gina ba, ya sanyaya shi kamar yadda ya sanyaya mamu namu. Duk yaron da ya koyi baƙi a makarantar nan, duk goshin da ya taɓa ƙasa a masallacin nan, Allah ya kai ladan gare shi. Ya gafarta mashi bakinshi, nawa ma ya haɗa. Ya sa mu sake zama inuwa ɗaya, ko da zagi ne. Amin.

Ranar sadakar arba'in na je gaida Gwamma. Ta tsufa, ta rankwafa, tana zaune ƙofar ɗaki tana tsintar wake, mata kewaye da ita. Na ga kowa ya yi jugum, na ce bari in ɗan motsa wurin. Na gyara rawani.

"Gwamma, a dai shaida, rantsuwata na nan daram. Ɗauka ta anka yi. Ni har yau ban fara shiga ginin mijinki da ƙafata ba."

Ko kai ba ta ɗaga daga faifan ba.

"Kwantar da hankalinka, Guntu. Da sauran ɗaki guda mai rufin ƙasa, shi ma ɗaukarka za a yi. Sai dai can ba mai fasa maka bango."